Yadda ake canza maganin farfaɗiya idan ya daina riƙe ciwon

Mai shan maganin farfaɗiya, in ya ga ciwon ya dawo masa bayan an daɗe ana zaman lafiya, abin da ke fara zo masa a rai shi ne ƙwayar nan ta gaji, ko kuma jikinsa ya saba da ita, gara ya ajiye ta ya nemi wata. To wannan ajiyewar ita ce babban haɗarin da ke cikin lamarin gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru tana samun magani safe da yamma, in aka yanke mata shi dare ɗaya, tana iya ɓarkewa da jijjigar da ba ta tsayawa, wannan na bin wannan babu farfaɗowa a tsakani, kuma irin wannan kisa take yi. Saboda haka ko wa ya ba ka shawara, ko ɗan'uwa ne ko mai kemis, tsohon maganin ka ci gaba da shan abinka a kan lokacinsa har ranar da likita zai ce a fara ragewa.

Ni ba likita ba ne. Lissafin kwandunan tumatir da tattasai nake rubuta wa ubangidana a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma da ciwon na taso tun ina saurayi a Kano. Na daɗe a kan carbamazepine, wanda aka fi sani da Tegretol, ya riƙe ni shekaru har na soma mantawa ina da wata lalura. Daga baya ciwon ya dawo, aka yi bincike, aka mayar da ni kan levetiracetam. Abin da zan faɗa a nan hanyar da aka bi da ni ce, da abin da na tsinta a bakin likitoci da masu harhaɗa magani da abokan layi a asibiti. Yawan ƙwayar da za ka sha kuwa, likitanka kaɗai ke da hurumin faɗa.

Kafin a ɗora wa magani laifi

Likitan da ya san aikinsa ba zai canza maka magani ranar da ka fara kai kuka ba. Tambayoyi zai jero maka, na farkonsu kuma: kana tsallake sha? Ka faɗi gaskiya, ba alƙali ba ne. In ka ce ba ka taɓa tsallakewa ba alhali kana yi, zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya raba ka da wanda yake yi maka aiki a banza. Magungunan da za su dace da jikin mutum ɗaya ba su da yawa, ba a zubar da su haka nan.

Sai barci. Mu 'yan Arewa a Ikko, da yawanmu abincinmu a dare yake. Motocin kaya suna isowa kasuwa tsakar dare ko goshin asuba, maigadi yana zaune a bakin get har gari ya waye, mai shayi ba ya tashi sai ƙafa ta ɗauke. Rashin barci kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya, ko da mutum bai tsallake ƙwaya ko ɗaya ba. Ni abin da aka fara yi mini kenan, aka ce in roƙi ubangidana ya cire ni daga karɓar motocin dare, a gani. Ciwon ya ragu amma bai tsaya ba, daga nan aka san akwai sauran magana.

Ka duba kwalin maganinka da kyau. Na kamfanin da ka saba sha ne? Tun 2023 da darajar naira ta faɗi, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka koma sayen duk wanda ya fi araha, wannan watan na wannan kamfani, wata mai zuwa na wancan, wasu ma kati ɗaya-ɗaya suke saye, wasu su mayar da sha biyu zuwa ɗaya don ya kai su ƙarshen wata. Ga wasu magungunan sauya kamfani ba wani abu ba ne. Amma hukumar kula da magunguna ta Birtaniya tun 2013 ta ware magungunan farfaɗiya huɗu, wato carbamazepine da phenytoin da phenobarbitone da primidone, a matsayin waɗanda ya kamata mutum ya tsaya a kan na kamfani ɗaya, domin ɗan bambancin yadda suke shiga jini ya isa ya dawo da ciwon. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka riƙe famasi ɗaya mai rajista, su san ka ka san su.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a garin nan, wato danshi. Duk wanda ya yi damina a Ketu ko Agege ya san yadda takalmi ke yin funfuna a ƙarƙashin gado. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi tun 1990 cewa ƙwayar carbamazepine, in ta sha danshi, tana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Yanzu ka tuna yadda ake ƙirgo mana ƙwayoyi tsirara a zuba a 'yar farar leda, mu cusa a aljihun gaban riga, gumi ya jiƙa ta, rana ta busar, da daddare a ajiye a kan taga. Ƙwayar tana nan fara fes, ba abin da ido zai gani, amma ta taurare ba ta narkewa yadda ya kamata. Ka sayi wadda ke cikin katinta a rufe, kada ka ɓalle sai lokacin sha, ka ajiye a wuri busasshe nesa da banɗaki da wurin girki.

Ka tattaro duk wani abin da kake sha ban da maganin farfaɗiyar. Tramadol yana tayar da jijjiga ko ga mai lafiya, balle kai, kuma kowa ya san yadda yake yawo a hannun masu aikin ƙarfi. Ciprofloxacin da ake ba mutane da an ce taifot shi ma yana iya tayar da ita. Mefloquine na zazzaɓin cizon sauro ba a ba mai farfaɗiya. Carbamazepine da phenytoin suna karya ƙarfin Coartem, shi ma na zazzaɓin cizon sauro, da 'yan'uwansa, sai zazzaɓin ya ƙi tafiya, zazzaɓi kuma da kansa mai tayar da ciwon ne. Erythromycin kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, akasin haka yake yi, tara carbamazepine yake a jini har mutum ya riƙa tangaɗi. Mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau, dole likita ya sani, don suna karo da juna sosai. Jiƙe-jiƙen da ake talla a tasha na basir da shawara da ƙarin ƙarfi, ba wanda ya san abin da ke ciki, su ma ka ambace su. In yaro ne mai ciwon, a ɗora shi a sikeli. Sau da yawa girma ya yi, maganin da aka auna masa bara ya yi masa kaɗan.

Littafi da bidiyo

Mai farfaɗiya shi ne mutum na ƙarshe da zai iya ba da labarin faɗuwarsa. Shi ya sa littafi ya fi bakinka amfani a gaban likita. Nawa matata ce ke riƙe da shi, ɗan littafin makaranta ne, ta ja layuka da biro: rana, ƙarfe nawa, minti nawa ya ɗauka, na sha magani ko ban sha ba, awa nawa na yi barci, akwai zazzaɓi ko babu. A gefe ta bar fili inda nake faɗa mata abin da na ji kafin abin ya zo. Ni wani abu ne ke taso mini daga ciki zuwa maƙogwaro, sai in ji ƙaurin roba alhali ba abin da ke ƙonewa, ita kuma ta ce daga nan nake soma tanɗe baki ina murza gefen riga. Da likita ta karanta wannan, ta ce alama ce ciwon daga ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa yake farowa kafin ya watsu. Ga mace a ƙara layin kwanakin al'ada, don wasu a nan ciwonsu ke taruwa.

Wannan bayani ba ƙaramin abu ba ne, saboda farfaɗiya iri-iri ce, maganin da ke kwantar da wata yana iya tsokano wata. Matashin da hannunsa ke fizga da safe har kofin shayi ya suɓuce masa, ko yarinyar da ke ƙura ido ta ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu ana yi mata faɗan rashin ji, carbamazepine da phenytoin suna iya ƙara musu ciwon. Akwai kuma faɗuwar da ba farfaɗiya ba ce sam, ta zuciya ce, ko sukari ne ya sauka, ko damuwa ce ta yi wa mutum yawa. In ciwon ya tashi kuma akwai mutum biyu a wurin, ɗaya ya kula da marar lafiya, ɗayan ya ɗauki bidiyo da waya, jiki gaba ɗaya, a ga ido da hannuwa da inda kai ya juya. Likita kaɗai za a nuna wa, ba na turawa a WhatsApp ba ne.

Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi za ka nema. Akwai su a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka cika, da LASUTH a Ikeja. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba shi ma yana duba masu farfaɗiya. Wasu namu suna ƙyamar a gan su a Yaba kada a ce sun taɓu. Farfaɗiya ba hauka ba ce, kuma wanda zai yi da kai ba shi zai ɗaga ka ba in ka faɗi a bakin titi. Ka nemi takardar turawa daga asibitin da kake zuwa, ka yi sammako saboda gosulo da layi, ka tafi da kwalayen magungunanka duka da wanda ya taɓa ganin ciwon da idonsa. In Turancinka ko brokanka bai kai ba, ka ɗauki mai yi maka tafinta, don a nan kalma ɗaya tana iya sauya maganin da za a rubuta. Za a iya sa ka gwajin EEG, a manna maka wayoyi a ka, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI, da gwajin jini na hanta da gishirin jiki. In EEG ya fito lafiya, ba shi ke nuna ba ka da ciwon ba; da yawa haka nasu ke fitowa tsakanin faɗuwa da faɗuwa.

Sau da yawa ma ba canji za a yi ba, ƙara maka yawan wanda kake sha za a yi har iyakar abin da jikinka zai ɗauka. Sai an kai can bai yi ba ake maganar sabo.

Zaɓen sabon

A nan ka buɗe baki ka faɗi ƙarfin aljihunka. Magani mai tsada da za ka saya wata ɗaya ka kasa wata ɗaya, gara mai araha da za ka sha kullum. Phenobarbitone shi ne mafi araha, yana aiki, amma yana sa barci da nauyin kai. Levetiracetam, wanda wasu ke kira Keppra, ba ya yawan karo da wasu magunguna, sai dai kuɗi. In kana da inshorar lafiya irin Ilera Eko ta jihar Legas, ka tambaya ko maganin yana cikin abin da suke biya tun kafin a rubuta.

'Yan'uwa mata, ku saurara da kyau. Sodium valproate, wato Epilim, magani ne mai ƙarfi, amma in aka yi ciki a kansa, kusan jariri 1 cikin 10 na zuwa da nakasa, kuma tsakanin 30 zuwa 40 cikin 100 na samun jinkirin magana ko koyo. Duk macen da ke shekarun haihuwa, ko budurwar da ake shirin aurarwa, ta faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro. Wadda kuma ta riga ta samu ciki tana shan sa, kada ta yanke da kanta, ta garzaya asibiti a satin. Carbamazepine da phenytoin da phenobarbitone suna raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu, sai a ga ciki ba shiri. Lamotrigine kuma, wani maganin farfaɗiyar, ita ƙwayar tazarar ce ke rage masa ƙarfi, haka ma ciki. Miji ya raka matarsa wannan zaman, a yi maganar a gabansa.

Canjin kansa

Ga yadda aka fi yi. Tsohon magani yana nan daram, sai a shigo da sabon kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa mataki-mataki har ya kai inda ake sa ran zai riƙe. Sai ya zauna sosai sannan a fara zare tsohon, shi ma a hankali. Ba a sakin reshe a kama ganye. Ma'ana za ka yi makonni, wataƙila watanni, kana shan magani biyu, kana kuma sayen biyu. Wannan ne mutane ba sa yi wa tanadi. Kafin ka haɗiyi ƙwayar farko ta sabon, ka tabbata kuɗin duka biyun na tsawon lokacin yana hannu, ko ka san inda zai fito, kuma ka tabbata famasin da kake zuwa ba ya yanke musu.

Saurin ya danganta da maganin. Levetiracetam ga babba akan fara da miligiram 250, a ƙara bayan kamar mako biyu. Lamotrigine kuwa tafiyar hawainiya ake yi da shi: yawanci miligiram 25 a rana har mako biyu kafin a ƙara, in kuma mutum yana kan valproate, kwana ɗaya a sha kwana ɗaya a huta, saboda valproate yana tara shi a jini. Wajen zarewa, phenobarbitone ne ya fi kowa taurin kai, yana iya cin wata shida ko fiye. Kada ka bar ɗakin likita sai an rubuta maka jadawali a takarda: daga ranar kaza zuwa ranar kaza, wannan guda nawa da safe, wancan guda nawa da dare. Ka ɗauki hotonsa a waya, ka manna takardar a bango, ka karɓi lambar da za ka kira in wani abu ya taso kafin ranar komawa.

Lokacin da biyun suka haɗu a jiki, jiri da barci da gani biyu-biyu ba abin mamaki ba ne. Ka kira ka faɗa, amma kada ka zaɓi ɗaya ka jefar. Abin da ba ya jiran gobe shi ne ƙuraje. Lamotrigine da carbamazepine da phenytoin da phenobarbitone duka suna iya kawo wani mugun ciwon fata, yawanci a watanni biyun farko: ƙuraje da zazzaɓi, baki ya yi gyambo, ido ya yi ja, fata ta soma saɓulewa. A baƙar fata ba lallai ka ga ja ba, sai dai ka ji gurje-gurje da zafi in ka shafa. Kada a ce ƙyanda ce ko zafin gari a shafa hoda. A tafi asibiti ranar, da kwalin maganin a hannu.

Levetiracetam nasa halin daban ne, zuciya yake taɓawa. Ni ban lura ba, sai wani dare matata ta ajiye mini abinci ta ce, "Malam, kwana biyun nan ba a taɓa ka. Yaran ma in sun ji sallamarka sai su shige ɗaki." A kasuwa ma ashe na yi wa wani direba tsawa a kan kwando ɗaya da lissafi bai cika ba, abin da a da da dariya za mu warware. Da na faɗa wa likita sai ta rage saurin ƙarin, abin ya lafa. Ka gaya wa mutanen gidanka tun farko su sa maka ido, in kuma baƙin ciki ya yi yawa har tunanin hallaka kai ya fara zuwa, wannan ma na gaggawa ne.

Ka zaɓi lokaci. Kada a fara canji ana gobe azumi, lokacin da barci ke rikicewa da sahur da tahajjud, lokutan shan magani kuma suka koma sahur da buɗa-baki. In ciwon ya matsa dole sai an canza a cikin watan, marar lafiya yana da sauƙin da addini ya ba shi na ramawa daga baya, ka tambayi likita ka tambayi malami. Ruƙiyya da addu'a kuwa ba wanda ya hana ka, amma duk mai maganin da ya ce sai ka ajiye ƙwayar asibiti nasa zai ci, ka tashi ka ba shi wuri.

A watannin nan ka ɗauki kanka kamar wanda ciwon zai iya zo wa kowane lokaci. Ba tuƙin mota, ba acaɓa, ba Keke. Ba hawa saman lodin mota ko bene da ake gini. Ɗan ga-ruwa ya nisanci bakin rijiya, mai shayi da mai suya su samu wanda zai tsaya a gaban wuta. Wanka da bokiti, kada a sa sakata. In kana jiran danfo a titin Ikorodu, ka ja baya daga bakin kwalta. Abokan kwana da na aiki su san abin yi: a kawar da abin da zai ji maka ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a juya ka gefe. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko manja, ba a kara ƙafa a wuta, kuma yawun ba ya sa wa kowa ciwon. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa ba ka farfaɗo ba, a kira lambar gaggawa 112 ko 767, ko a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa.

In ciwon ya tashi ana tsakiyar zare tsohon, ba lallai sabon ne ya gaza ba. Sau da yawa mataki ɗaya ake komawa baya a ɗan dakata, ko a ƙara sabon. Wasu ma a kan biyun ake barin su.

Yaushe za a ce sabon maganin ya yi? Ba wata ɗaya ba. Ma'aunin da ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta sa a 2010 shi ne mutum ya yi shekara guda ba faɗuwa, ko ninki uku na tazara mafi tsawo da yake samu a da, duk wanda ya fi tsawo. Wani bincike da aka yi a Glasgow ta Birtaniya aka buga a 2000 ya nuna cikin kowane mutum 100 da aka fara yi wa magani, 47 sun daina faɗuwa da maganin farko, 13 suka ƙaru da na biyu, daga nan kuma sai ƙalilan. Shi ya sa in magani biyu da suka dace, aka sha su yadda ya kamata, duka suka gaza, ba a ci gaba da zagaye a wuri ɗaya. Ka nemi a sake binciken daga tushe, a sake hoton ƙwaƙwalwa, a duba haɗa magunguna, a kuma duba ko kana cikin waɗanda tiyata ke yi wa amfani.

Sai tafiya gida, tunda ba mai raba mu da ita, ko Sallah ko biki ko rasuwa. In da hali ka bari sai an gama canjin. In ba hali, ka sayi wanda zai kai ka ya dawo da kai har da rarar mako biyu, don ba tabbas ka samu irin na kamfaninka a can. Ka rama barci kafin tafiya da bayan isa, ka sa ƙararrawar waya saboda lokacin sha zai same ka a hanya, ka faɗa wa na kusa da kai a mota halin da kake ciki. Maganin da takardar jadawali su zauna a jakar da ke kan cinyarka, ba cikin kayan da za a ɗaure a but ba.